Daga gansakukar bango zuwa ƙaramin littafi: kundin aikinmu a Agege

Asabar, 14 ga Yuni

Yau na yanke shawarar fara wannan aiki, kuma zan riƙa rubuta inda aka kwana duk sanda aka samu ci gaba ko cikas. Yaran da nake yi wa darasin yamma a nan Agege su goma sha huɗu ne, yawancinsu 'yan aji biyar da shida na firamare. Sun zo da aikin gida a kan tsirrai masu fure da marasa fure, kuma sun haddace bayanin da Turanci tsaf, ba tuntuɓe. Da na ce wani ya fita tsakar gida ya nuna mini tsiro ɗaya maras fure, sai wuri ya yi tsit. Alhali katangar da suke jingina da ita kullum kore ce shar daga gindi. Na nuna ta na ce mene ne wannan. Uku suka haɗa baki: "Datti ne, Malam." Yarinya ɗaya ce, wadda kakarta ke zaune tare da su, ta ce gansakuka.

Abin ya tsaya mini a rai. Ni a ƙasar Katsina na tashi, inda sai ka je bakin rijiya ko gindin randa kafin ka ga gansakuka. Su kuwa an haife su a garin da take hawa bango da kwata da bulo da kututturen bishiya, amma ba wanda ya taɓa ce musu su sunkuya su duba. Niyyata in rubuta musu ɗan littafi da Hausa, shafi 12, da zane, wanda yaro zai iya karantawa shi kaɗai. Sharaɗin da na sa wa kaina: duk tsiron da zai shiga ciki sai mun gan shi da idonmu a Legas.

Asabar, 21 ga Yuni

Na aro gilashin ƙara girma wajen wani maƙwabcinmu mai gyaran waya, muka kankaro gansakuka daga wurare biyu: daga cikin kwatar bayan gida, da kuma daga jikin katanga. Nan take aka ga ba abu ɗaya ba ne. Ta kwata yauƙi ce kawai, zare-zare masu santsi, ba ganye ba kara. Ta katanga kuwa, da aka ɗora mata gilashi, sai ga ɗan daji: ƙananan ganye jere a jikin ɗan kara, kuma daga samansu wasu silaye sirara kamar gashi sun miƙe, kowanne da ɗan ƙullutu a kai kamar kan ashana. Yaran suka yi layi suna turereniya, har wanda ya fi kowa cewa datti ne ya ƙi sakin gilashin.

Kalma ɗaya muke da ita ga abubuwa biyu, don haka a littafin zan ce gansakukar ruwa da gansakukar bango. Ta bangon ce maganarmu. Masana sun ƙidaya irinta wajen 12,000 a duniya. Ba ta da saiwa ta gaske, sai wasu 'yan zaruruwa da take maƙale bango da su, ruwa kuma ta dukkan jikinta take sha. Wannan ƙullutun na kan sili jaka ce cike da wata ƙura mai laushi, kuma da ƙurar take yaɗuwa. Na sa mata suna ƙurar haihuwa, domin ba iri ba ce: iri yana ɗauke da ɗan tsiro da guzurinsa a ciki, ita kuwa ƙwaya ɗaya ce tal.

Mun bar wani ɓangare a kan taga tun ranar Laraba ya bushe ƙamas, ya koma ruwan ƙasa kamar ya mutu. Yau na ɗiga masa ruwa da cokali, kafin a gama gaisawa da masu wucewa ganyen ya buɗe ya koma kore. Wannan zai shiga shafi na uku.

Wani yaro ya kawo naman kaza a leda, yana murna ya samo tsiro maras fure. Gaskiyarsa a wani fanni, don tsofaffin littattafai haka suka lissafa shi. Amma naman kaza ba shi da koren da tsiro ke haɗa abincinsa da shi daga hasken rana, ruɓaɓɓen itace da ganye yake ci. Tun 1969 wani masani ɗan Amurka, Robert Whittaker, ya ware shi da danginsa a rukuni nasu na daban. Zan ba shi rabin shafi don kada yaro ya rikice a jarrabawa.

Asabar, 28 ga Yuni

Tsiro na biyu mun samo shi a jikin wata bishiyar kwakwar manja da ke bayan layin dogo, yana fitowa daga tsakanin tsofaffin gindin ganyenta. Shi ne wanda littattafansu na makaranta ke kira fern. Ganyensa dogo ne, a tsattsage gefe da gefe kamar gashin tsuntsu, sabon ganye kuma a nannaɗe yake fitowa, sai ya riƙa warwarewa a hankali. Saboda haka muka yi shawara da yaran muka raɗa masa suna nannaɗau.

Da muka juya bayan ganyen, ga ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa a jere reras. Yarinyar nan mai kaka ta ja hannunta baya, ta ce ƙwan ƙwari ne. Na ce ta duba yadda suka jeru, ƙwaro ba ya auna tazara haka a kowane ganye. Jakunkunan ƙurar haihuwa ne. Muka kwantar da ganye biyu a kan farar takarda, muka rufe da wata. Jiya da safe da na ɗaga, siffar ganyen ta fito a kan takardar da ƙura mai laushi kamar garin shayi da aka tankaɗe. Yau mun barbaɗa ta a kan ƙasa mai damshi cikin robobin abinci huɗu masu murfi, muka ajiye a inuwa mai haske.

Na kuma gama rubutun farko, sakin layi goma sha ɗaya.

Asabar, 5 ga Yuli

Na karanta wa yayana rubutun bayan sallar isha'i a shagonsa na ɗinki. Shi bai yi boko mai nisa ba, amma kunnensa ba ya barin magana maras daɗi ta wuce. Ya saurara har ƙarshe yana warware wani ɗinki, sannan ya ce: "Malam, duk abin da ka faɗa na gane. Amma maganganun nan naka kamar fasinjojin motar danfo suke. Suna zaune kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya san wani."

Na ce, "Yaya, ai na sa kalmomin haɗi." Ya ce in ƙirga su. Na ƙirga: bugu da ƙari sau biyar, haka kuma sau huɗu, a sakin layi goma sha ɗaya. Ga misalin wuri ɗaya yadda yake:

"Gansakukar bango ba ta da saiwa. Ba ta da fure. Tana son wuri mai damshi.

Bugu da ƙari, nannaɗau yana da saiwa da jijiyoyi a ganyensa."

Da na sake karantawa a gida sai na ga inda matsalar take. Bugu da ƙari alkawari ne ga mai karatu cewa za a ƙara masa irin abin da aka ba shi. Ni kuwa saɓaninsa na kawo. Kalmar ta ce gabas, maganar ta yi yamma. In na cire ta na sa amma, ƙaryar ta ragu, sai dai har yanzu ba a gaya wa yaro abin da ya sa muka bar gansakuka muka koma nannaɗau ba. Ban san dalilin ni kaina ba a wannan daren, jerin littafin makaranta kawai na bi. Na ajiye rubutun.

Asabar, 19 ga Yuli

Robobi uku cikin huɗu fumfuna ta cinye su, fari fat kamar auduga. Ƙasar da muka ɗebo tana ɗauke da nata ƙwayoyin, kuma sun fi na nannaɗau saurin tashi. Mun sake sabon zubi: na kwarara wa ƙasar tafasasshen ruwa, na rufe har ta huce, sannan muka barbaɗa ƙurar kaɗan-kaɗan muka mayar da murfi nan da nan. Na hana buɗewa. Mai son gani ya leƙa ta jikin roba.

Asabar, 2 ga Agusta

Ruwa ya ɗan ɗaga ƙafa kamar yadda yakan yi a Legas cikin Agusta, don haka na ɗauki yara biyar da izinin iyayensu muka tafi gandun kiyaye daji na Lekki. Ƙungiyar kiyaye muhalli ta Najeriya ce ta kafa shi a 1990, faɗinsa hekta 78, daji da fadama a tsakiyar gine-gine. Daga Agege tafiya ce ta gaske, mun fita bayan asuba. Yaran birai suka fi ɗauke musu hankali da farko, amma da muka hau hanyar katako da ta ratsa fadamar, su da kansu suka fara nuna nannaɗau iri-iri, wasu a ƙasa, wasu can sama a maƙale jikin bishiya ba tare da sun taɓa ƙasa ba. Irin na bakin ruwa ya fi ba su mamaki, don ganyensa ya fi ƙaramin cikinsu tsawo, kuma maimakon ɗigo-ɗigo, bayan ganyayen da ke can ƙarshe gaba ɗaya a shafe yake da ƙura ruwan ƙasa.

A hanyar dawowa muka ga tsiro na uku a ƙofar wasu manyan gidaje: gajeren kututture mai kauri, da ganye masu tauri da ƙyalli a baje kamar na dabino. Kowa ɗan dabino yake ce masa, amma ba dangin dabino ba ne ko kaɗan. Sunansa sikad. Wanda ake dasawa don ado asalinsa daga kudancin Japan ne. Akwai kuma namu na gida da ke fitowa a wuraren duwatsu a Najeriya da Benin da Ghana, wanda aka sa wa sunan Charles Barter, mai tattara tsirrai da ya bi ayarin Baikie a kogin Kwara a ƙarshen shekarun 1850. Sikad yana yin iri amma ba ya fure, kuma namiji daban mace daban. Na ja wa yaran kunne sosai: irinsa guba ne, ba a kai shi baki.

Tafiyar ta kuma raba ni da kurakurai biyu da na kusa sa wa a littafi. Dogayen bishiyoyin nan masu ganye kamar allura da ake gani a gefen teku, kasuwarina, kama kawai suka yi da bishiyoyin ƙasashen sanyi marasa fure. Suna fure, ƙanana ne ƙwarai. Haka kainuwa, dashen Allah: furenta na nan a ɓoye a tsakiyar ganyen, sai ka buɗa za ka gan shi. Wannan ya tuna mini da ɓaure, wanda furensa ke cikin ɗan, shi ya sa duk wanda ya taɓa ɓare ɓaure ya ga ƙananan ƙwari a ciki, su ne masu kai masa bununi. Rashin ganin fure bai isa hujja ba, kuma wannan zai zama shafi na biyu.

Asabar, 16 ga Agusta

Sati biyu ina juya tsirran nan uku a raina, har na gano abin da ya haɗa su. Ruwa ne. Gansakuka ba ta da hanyar ɗaukar ruwa zuwa sama, kuma ƙwayar namijinta sai ta yi iyo cikin ɗigon ruwa kafin ta isa ga ta mace. Nannaɗau ya samu jijiyoyi, ya yi tsawo, amma wajen haihuwa har yanzu sai da ruwa a ƙasa. Sikad ya tsallake wannan ma: bununi yake aikawa, ya kuma ƙunshe ɗansa cikin iri. Kowanne ya warware wata matsala da na bayansa ya bari. Da na ga haka, jerin shafukan ya tsara kansa, kuma kowane sakin layi ya samu abin da zai miƙa wa na gaba.

Na tuna mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana tufkar igiyar rama a zaure. Ba ya bari zare ya ƙare kafin ya ɗauko wani. Tun da sauran kamar taƙi guda yake cusa sabon, su murɗe tare, har ba ka iya nuna inda wancan ya tsaya wannan ya fara. In ka jira ya ƙare, sai ƙulli, kuma a ƙulli igiya ke cin hannu. Masu tatsuniya ma haka suke yi ba tare da an koya musu ba: gizo ya kama hanyar gidan sarki, da ya isa gidan sarki, sai ya tarar da fadawa. Wutsiyar magana ta farko ita ce kan ta biyu.

Ga yadda wurin nan ya koma:

"Tunda gansakukar bango ba ta da jijiyar da za ta kai ruwa sama, dole ta kwanta kusa da damshi. Shi ya sa ba ka ganin ta kai ko idon sawunka.

Tsiron da zai wuce idon sawu kuwa, sai ya samu hanyar jan ruwa daga ƙasa zuwa ganye. Nannaɗau yana da wannan hanyar. Ɗaga ganyensa ka kalli rana ta cikinsa, za ka ga jijiyoyin."

Babu bugu da ƙari, babu haka kuma. Idon sawu ne ya ɗauki mai karatu ya tsallakar da shi, sai 'yar kalmar kuwa da ta nuna an juya. Na kai wa Yaya. Ya sa na karanta sau biyu, ya ce, "To, yanzu sun gaisa."

Sakin layi ɗaya ya ƙi shiga ko ta ina. Shi ne wanda ke bayanin cewa dazuzzukan nannaɗau da danginsa na shekaru wajen miliyan 300 da suka wuce su ne suka zama yawancin kwal ɗin da ake haƙa a Turai da Amurka. Ina son wannan bayanin ƙwarai, na gwada shi a wuri uku, ko'ina sai ya tsinka zancen ruwa. Na cire shi daga jikin rubutun na ba shi akwati nasa a shafin ƙarshe.

Asabar, 13 ga Satumba

Sati takwas da sabon zubi. Tun ƙarshen watan jiya saman ƙasar ya yi kore-kore kamar an shafa, yau kuma da gilashi mun ga abin da muke jira: 'yan faifai kore, sirara har haske na ratsa su, kowanne bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, da ɗan lotsawa a gefe ɗaya kamar zanen zuciya. Ba su yi kama da nannaɗau ta ko'ina ba. Wani yaro ya ce an yi mana musanya.

Ba musanya. Ƙurar nannaɗau ba ta haifar nannaɗau kai tsaye. Wannan ɗan faifan take haifarwa, shi kuma a ƙarƙashinsa yake fitar da ƙwayar namiji da ta mace. In akwai ɗan ruwa a shimfiɗe, ta namijin ta yi iyo ta isa, daga nan ne nannaɗau mai ganye zai tashi. Zuriya biyu ke karɓa-karɓa. Mutane sun daɗe ba su gane wannan ba. Tun 1735 Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, ya tara irin waɗannan tsirrai a rukuni guda ya ba su suna da Girkanci mai ma'anar ɓoyayyen aure. Sai a 1851 wani Bajamushe, Wilhelm Hofmeister, wanda sana'arsa sayar da littattafai ce a Leipzig, ya bayyana yadda karɓa-karɓar take a gansakuka da nannaɗau. Na gaya wa yaran cewa mai shago ne ya gano, da madubin bincikensa, da asuba kafin ya tafi aiki. Na ga maganar ta shige su.

Mun fesa ruwan da aka tafasa ya huce, sama-sama, don a samu hanyar iyo.

Asabar, 4 ga Oktoba

Gwajin da na fi amincewa da shi ke nan zuwa yanzu. Na buga rubutun, na yanka kowane sakin layi daban da almakashin Yaya, na cakuɗa, na raba yaran gida uku na ce su jera. Daga gansakuka zuwa nannaɗau duka rukunin uku sun jera daidai, kuma da na tambayi dalili, suka nuna kalmar da ta maimaitu a ƙarshen wani da farkon wani. A ɓangaren sikad kowane rukuni da nasa jerin. Nan ne ɗinkin bai kama ba.

Da na duba, na rubuta saboda haka a wurin da babu wani sababi, biyo baya ne kawai. Yaran sun yi ta neman sababin da babu shi. Na gyara ta hanyar rufe maganar nannaɗau da tambaya: to, tsiron da ke wurin da ba ruwa a ƙasa, yaya ƙwayar namijinsa za ta yi tafiya? Sakin layi na gaba ya buɗe da bununi, irin wanda ke tashi a kan gero da dawa, ko da yake su masu fure ne. Sau ɗaya kawai na yi amfani da tambaya a duk littafin, don in ta yi yawa sai ta zama kamar ana yi wa yaro tarko.

Na ƙara layi biyu da suka ƙulla ƙarshen da farkon: a 1896 wani masani ɗan Japan, Ikeno, ya gano cewa ƙwayar namijin sikad ma tana iyo, amma a cikin ɗan ruwan da ke ƙunshe cikin abin da zai zama iri. Wato bai rabu da ruwa ba, ya shigar da shi ɗaka ne.

Asabar, 25 ga Oktoba

Na kai aikin wata maɗaba'a a Shomolu. Da aka fito da gwajin farko, duk ƙugiyoyin haruffa sun ɓace, wasu wuraren kuma akwati ne ya fito a madadin harafi. Ƙurar haihuwa ta koma kurar haihuwa daga shafi na uku har na ƙarshe. Ga yaron da yake koyon karanta Hausa yanzu, wannan ba ƙaramin lahani ba ne. Mai aikin ba ya jin Hausa, don haka bai ga bambanci ba. Na zauna kusa da shi muka canja zubin haruffan zuwa wanda ke da ɓ da ɗ da ƙ, na bi layi-layi da biro. An kai la'asar kafin mu gama. Kwafi 40 na ce a buga.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Littafin ya iso ranar Talata, an raba wa yaran, sauran na ba malaman Islamiyyar unguwa biyu da suka nema. Yarinyar nan ta karanta wa kakarta shi gaba ɗaya, ta dawo da saƙo: Kaka ta ce a gaishe da Malam, kuma a garinsu gansakukar bakin rijiya ba a barin yaro ya taka ta don santsi, ya kamata a rubuta. Na rubuta a gefen kwafina don bugu na gaba, tare da wuri ɗaya a shafi na tara inda yara biyu suka tsaya suka koma baya, alamar akwai sauran gyara tsakanin maganar iri da ta guba.

A cikin robobi kuma, faifai shida sun fitar da ganyen farko, ɗan mitsitsi, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba, kuma bai tsattsage ba tukuna. Iska ta fara bushewa, don haka ba zan cire murfin gaba ɗaya ba. Daga gobe za mu riƙa ɗaga shi kaɗan na awa ɗaya kullum, yaran sun raba kwanakin a tsakaninsu, kuma na nemi gwangwanayen madara shida da za a huda don dashe.